Ranar da Na Yada Zango da Alƙali a Gonar Inabi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Litinin ta ƙarshen watan Satumba, ranar da na ɗauko Alƙali a mota daga Alexandria za mu Charlottesville. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗauki zafi.

Bari in fara da faɗin ko ni wane ne, tunda ɓoye-ɓoye ne ya kai ni ya baro. Ni direba ne tun kafin gemu ya fito mini. Aji uku na yi a firamare, malamin lissafi ya ce ko ni ko shi a makarantar, na duba na ga shi mai iyali ne, sai na bar masa na tafi tasha. Na yi shekara ashirin tsakanin Kano da Legas kafin ƙuri'ar biza ta faɗo kaina, na tsinci kaina a Laurel, kusa da Washington, ina gadin sito. Tsayuwa ta kumbura mini ƙafafu. Wani maƙwabcina ɗan zangon Kumasi ya tausaya mini, ya samo mini aikin tuƙi.

Aikin kuwa ga shi. Ƙaramar bas ce, in kwashi Turawa daga Washington in kai su gonakin inabi na ƙauyukan Virginia, inda ake matse inabin a yi giya. Su bi gona-gona suna ɗanɗane, suna shinshina kofi kamar masu cinikin turare, da yamma in dawo da su gida kowa da ƙafafunsa biyu. Mai kamfanin yana ji da ni ƙwarai, don ni ko ɗigo ba na taɓawa. Ya ce da zai samu irina goma da ya daina shan maganin hawan jini.

A cikin jama'armu kuwa, abin da na ce shi ne ina kai 'yan yawon buɗe ido su ga ƙauye. (Ku duba maganar da kyau, babu ƙarya a ciki, gaskiya ce da aka yi wa aski.) In an idar da Juma'a a wajen Lanham aka ce, “Yaya aiki?” sai in ce, “Ƙauye lafiya lau.” Shekara bakwai a haka. Hajiya, matata, ita kaɗai na gaya wa.

Sai ɗana Nasiru, wanda ya yi karatun injiniya kuma shi ke karanta mana wasiƙun gidan, ya ga 'yar Dakta ya ce ita yake so. Dakta likita ne a Alexandria, mutum mai sauƙin kai. Ya ce shi ba shi da ta cewa, magana tana hannun wansa, tsohon alƙali daga ƙasar Zazzau, wanda ya zo a duba masa ciwon mafitsara. Kowa dai ya san zuwan harbin tsuntsu biyu ne: a duba Alƙali, shi kuma ya duba mu. In ya ce an ba Nasiru, an ba shi. In ya girgiza kai, shi ke nan, yarona ya rasa yarinyar nan.

Ana haka aka ce Alƙali yana son ya je ya ga ɗan ƙanwarsu da ke koyarwa a Charlottesville, ga Dakta ba ya samun fita daga asibiti. Ni da neman suna, na buga ƙirji na ce ni zan kai shi.

Hajiya tana yanka albasa ta ce, “Malam, ta ina ake bi zuwa garin?”

Na ce, “Ta hanya.”

“Ta tsakiyar wurin aikinka dai.”

“To ai mota ba ta da baki.”

Ta ce, “Motar ba ta da shi. Direban nake ji.”

Da na saurare ta da ban samu abin rubutawa yau ba. Maimakon haka sai na sa Nasiru ya buga mini kwatancen hanya a takarda, na ɗora a gaban sitiyari, don in yi kama da baƙo. Hanyar da in an ɗaure mini ido zan bi ta da ƙamshi.

Alƙali dogo ne siriri, farin gemu, farar hula, carbi a hannu. Turanci ba ya ji, Larabci da Hausa ne nasa. Magana kuma kamar da awo yake yin ta. Muka bar cunkoson gari, muka shiga tuddai, kore shar ko'ina, ga shuka an jera layi-layi an ɗaure a waya. Ya daɗe yana kallo ta taga, sannan ya ce, “Baban Nasiru, wannan wace shuka ce?”

Kalma ɗaya ce amsar. Da na ce inabi, an wuce wurin. Amma na tuna mutumin nan shekara talatin ya yi yana tambayar mutane, kuma tambayar alƙali ba ta zuwa ita kaɗai, da 'yan rakiya take tafe. Sai na leƙa ta gilashi, na ƙanƙance ido, na ce, “Allah ya gafarta Malam, ban sani ba. Ko wake ne irin nasu.”

Ya ce, “Wake.”

Na ce, “Da alama.”

Ba mu yi nisa ba sai ga wani babban allo a bakin titi, an zana kwalba da kofi mai doguwar ƙafa da nonon inabi. Allon nan ko makaho ya shafa zai gane. Alƙali ya nuna da carbi. Nan fa na saki sitiyari da hannu ɗaya na riƙe baki. Na ce a'uzubillahi, ashe abin da suke yi da ita ke nan. Na yi tsaki. Na girgiza kai. Na kawo zancen lalacewar zamani, na kawo na ƙarshen duniya. Ni da ko izu biyu ban haɗa ba, na zauna ina yi wa alƙali wa'azi har tsawon mil biyar. (Abin da kawai zan yaba wa kaina shi ne ban rantse ba. Na yi ta kewaye wallahi kamar mai kewaye rami a titi.) Na rufe da cewa, “Ni ai ban taɓa shigowa wannan yankin ba.”

Ya ce, “Ba ka taɓa ba?”

“Me zai kawo ni, Allah ya gafarta Malam?”

Ya ce, “Uhm,” ya ci gaba da jan carbinsa.

Can gaba wani mai tarakta ya taho, ya hango fuskata, ya ɗaga hannu har da danna oda. Hannuna ya tashi da kansa ya amsa kafin in tsawata masa. Na ce, “Haka ƙauyawansu suke, kowa suka gani sai gaisuwa.” Alƙali ya ce ai ɗabi'a ce mai kyau.

Wajen ɗaya da rabi ya gyara zama, ya sake gyarawa, sannan ya ce, “Baban Nasiru, a nema mana wurin tsayawa. Azahar ta yi, kuma wannan ciwon nawa ba ya jiran kowa.”

To, nan ake yin ta. Da a hanyar Kano zuwa Legas ne, sai in gangara gefen titi, dattijo ya zaga bayan bishiya, a shimfiɗa tabarma, a gama cikin minti goma. Amma nan kowace bishiya da mai ita, kuma kafin mutum ya tsuguna motar 'yan sanda ta tsaya a bayansa. Ina zan kai labarin cewa na sa an kama wan Dakta a gindin bishiya? Akwai gidan mai a gaba, na san shi, amma tafiyar kusan rabin awa ce, banɗakinsa ɗaya, mabuɗin a ɗaure jikin wani guntun katako a wurin mai kanti, kuma kullum da layi. Na saci kallon fuskar Alƙali, na ga ba fuskar rabin awa ba ce.

Saura gonakin. Guda uku ne a kusa, kuma duk na san su kamar yunwar cikina. Ta farko, samarin da ke aiki a wurin da sun hango ni sai su fara kiɗa a kan tebur. Ta biyu, mai ita wani ƙaton Bature ne da ba ya gaisuwa sai da runguma, har ya ɗaga ni sama. Ta uku ita ce gonar wata dattijuwa, Madam Karol. Ran Litinin ba ta buɗewa, takan tafi gari wurin 'yar'uwarta. Banɗakin yana waje a bayan rumbu, ba a kulle shi, ga famfo a gefe. Mu shiga, mu yi abin da ya kawo mu, mu fita, ba mai gani. Har na ji daɗin kaina, na ce a raina ilimi ba a aji kaɗai yake ba.

Na ɗauki takardar Nasiru na duba (a juye take ma, daga baya na lura), na ce, “Bari mu gwada wannan 'yar hanyar, ko Allah zai sa a dace.”

Abin da na manta shi ne ƙarshen Satumba lokacin ɗiban inabi ne. A wannan makon babu Litinin babu Lahadi.

Muna shan kwana sai ga wuri cike: motocin ɗaukar kaya, ma'aikata da almakashi, kwanduna jibge. Na so in juya, Alƙali ya riga ya kama marfin ƙofa. Na tsaya.

Wanda ya fara isowa wurinmu karen gidan ne, wani jibgege mai ruwan zuma. Ya taho a guje, ya wuce ta gaban Alƙali ko kallo bai yi masa ba, ya zagayo ɓangarena. Ina fitowa ya ɗora ƙafafu a ƙirjina yana kaɗa wutsiya kamar za ta cire, yana cusa hanci a aljihuna na dama inda nakan ajiye masa biskit. Ga fararen kayana, ga Alƙali tsaye yana kallo. Cikin ruɗewa na daka masa tsawa na ce, “Kai, zauna.”

Ya zauna. Ya miƙo mini hannu.

Ni na koya masa. In Turawana sun shiga ɗanɗane, awa guda nake yi a waje ba abokin hira, to da wa zan yi Hausa?

Alƙali ya dubi karen, ya dube ni, ya ce, “Ikon Allah. Karen Turawa da jin Hausa.”

Sai ga Madam Karol ta fito daga cikin shuka, da takalmin roba, hannuwanta sun rine da ruwan inabi. Tun daga nesa take kiran “Baba”, sunan da duk yankin suka san ni da shi. Ta iso ta zuba zance: me ya kawo ni ran Litinin, ina bas ɗin, ina mutanena, yaya gwiwata, ko maganin da ta ba ni wancan makon ya yi aiki, mutanen ranar Asabar sun manta laima a wurinta in tafi da ita. Ta yi ta yi ba numfashi.

Alƙali ya ce, “Me ta ce?”

Na ce, “Ta ce sannu da zuwa.”

Ya ce, “Matar nan ta auno zance ya fi kamu goma, kai ka yanko mini taƙi ɗaya. To, ba komai. A tambaye ta ko za a samu ɗan abin zuba ruwa.”

Na juya zan ɗauko gorar ruwa a but ɗin mota. Ashe ita ta riga ta ga hula da carbi ta gane. Ta ce in dakata, ta ruga cikin rumbu. Ta fito riƙe da buta. Butar roba mai ratsin kore da fari, irin wadda ake sayarwa a kowace kasuwa a gida, hannunta ɗaure da waya inda na gyara shi da ya tsage. Ta cika ta a famfo, ta miƙa wa Alƙali da hannu biyu har da ɗan rusunawa (wannan ma ni na koya mata), ta nuna ni, ta nuna butar, ta ce “Baba”, yadda ko tafinta ba a bukata.

Alƙali ya karɓa ya juya ta, ya duba ƙasanta, ya duba wayar. Ya ce, “Ina ne bayan gidan? Ko shi ma sai mun gwada ko Allah zai sa a dace?”

Na sunkuyar da kai na shige gaba, na kai shi har ƙofa.

Da muka yi alwala, Madam ba ta bar ni na huta ba. Ta ja mu zuwa wani ɗan ɗaki a gefen rumbun, inda ake ajiye fartanya da igiyoyi, nesa da gangunan giya. A kusurwa ga darduma a ninke rataye a ƙusa, ƙasan wurin a share tas, ga kibiya da farin fenti tana nuna alƙibla, wadda mijinta ya zana mini da na'urarsa tun shekarar da na fara zuwa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murmushi, tana alfahari, ita a ganinta tana fita kunyata ne a gaban babban baƙo. Sannan ta ja ƙofar ta kori karen.

Alƙali ya ja mu salla. Allah ya karɓa, amma ni ban san abin da na karanta ba.

Da ya sallame ya yi addu'a, ya juyo ya harɗe a kan dardumar. Ni na fara miƙewa in nemi takalmi. Ya ce, “Zauna.” Karen nan bai fi ni saurin zama ba.

Ya ce, “Kana sha?”

Na ce, “Wallahi ko sau ɗaya.” Wannan karon na rantse da ƙarfina.

“Kana sayarwa?”

“A'a.”

“Kana ɗauka?”

Na ce, “Masu shan nake ɗauka, Allah ya gafarta Malam. Amma in tsohuwa ta sayi kwali ta kasa ɗagawa, nakan sa mata a mota.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Yau tun safe sai yanzu na ji muryarka. Aikin nan akwai ƙura a kansa, ba zan ce maka babu ba, kai ma ka sani, shi ya sa ka ɗauko wake. Ka fara neman wani. Ba na ce gobe ba, kana da iyali, amma kada mutuwa ta same ka da kwali a hannu.”

Na ce to. Ni dai fuskar Nasiru kawai nake gani, da yadda zan shiga gida in ce masa ubansa ya ɓarar masa da aure a ɗakin fartanya. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, laifin nawa ne ni kaɗai. Yaron bai san...”

Ya ɗaga hannu. “Yaron ya sani. Kowa ya sani. Juma'ar farko da na yi a ƙasar nan, kafin in gama sa takalmina mutum uku sun ja ni gefe, kowanne yana cewa ba gulma ba ce, amana ce. Har mai sayar da shinkafa a ƙofar masallaci ta ƙara mini bayani.”

Na ce, “Tun yaushe suka sani?”

“Wannan kai za ka tambaye su. Ni na yi shiru ne in ga iya gudun ruwanka. Da ka fara wa'azin nan na ce a raina, an yi asarar lauya.”

In da ƙasa tana tsagewa don kunya, da yanzu akwai rijiya a gonar Madam Karol.

Sai ya shafa dardumar da tafin hannu, daidai wurin goshi, inda zanen ya siɗe har zare ya fito. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, “Wannan ba jiya aka fara taka ta ba. Su ukun nan duk labarin kwalba suka kawo mini, babu wanda ya kawo labarin buta. Na yi shekara talatin ina jin shaidu, na san baki yakan yi ƙarya, amma darduma ba ta siɗewa don a burge baƙo. Mutumin da ke salla inda ba mai ganinsa sai Allah da kare, zan iya ba ɗansa 'yata.”

Na buɗe baki zan fara godiya, ya sake ɗaga hannun.

“Ban gama ba. Ka turo mini yaron mu zauna, ni da shi kaɗai. Ina so in ga wanne ya gada, butar ko bakin.”

Nasiru ya je ran Alhamis. Awa biyu suka yi. Ya dawo ya jiƙe da gumi, ya tsaya a ƙofar falo ya ce, “Baba, me ka yi wa mutumin nan? Duk amsar da na bayar sai ya ce in maimaita yana kallon idona.” Hajiya ta bar tukunya a wuta ta shige ɗaki, ina jiyo dariyarta ta cikin filo. Washegari Dakta ya bugo waya ya ce wansa ya ce a turo manya a sa rana.

Kafin shekara ta zagayo na koma tuƙa tsofaffi zuwa asibiti, aikin da zan iya faɗin sunansa a ƙofar masallaci da babbar murya, ko da yake yanzu ba mai tambaya.

Abin da na koya ba shi da yawa, daidai da karatuna. Shekara bakwai na yi ina gadin ƙofa da sanda, ashe jama'a tuni sun shiga ta taga sun zauna suna jirana in gaji. Abu ɗaya tak da na iya ɓoyewa da gaske shi ne wanda ya kamata a gani. Don haka in Allah ya haɗa ka tafiya da suruki, ka faɗa masa aibinka tun kafin ka tada mota. Wataƙila ya riga ya sani, kuma ko ba komai za ka samu damar tsayawa inda banɗaki ya fi tsabta.